Hannun Yaya a Kan Injin Kiɗa

Har ƙarshen watan jiya, ƙarfe takwas saura kwata yake hawowa, kafin mai shara ta gama da matakala. Sutudiyon yana hawa na biyu, a saman wani shagon gyaran waya: ɗakuna biyu da gilashi a tsakaninsu, an manne bangon da soso don kada ƙara ta dami maƙwabta. Yakan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rataye hula a ƙusa, ya yaye tsohon tawul ɗin da yake lulluɓe injin kiɗa da shi. Daga nan sai ya ciro wani buroshin haƙori da ya gama yayinsa, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓe ƙura. Ba ya kunna komai sai ya sha shayinsa, kuma kofin bai taɓa hawa teburin da injin yake ba. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana wannan, ran da akwai aiki da ran da babu.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba, akwati ne da bai fi tiren shayi girma ba. A gabansa akwai maɓallai goma sha shida a jere, kowanne da 'yar fitilarsa, kuma kowane maɓalli gurbi ne na lokaci. In aka kunna, haske yakan bi su daga hagu zuwa dama, ya koma farko, ya sake biyowa. Mai aiki zai zaɓi babbar ganga ya danna gurbin da yake so ta faɗo, ya koma kan ƙaramar ganga, ya koma tafi, ya koma caki. Sannan ya riƙe gurbi ɗaya da yatsa, ya murɗa wani ɗan abu a gefe, ya ƙara wa bugun ƙarfi ko ya rage, ya jawo shi gaba kaɗan ko ya jinkirta shi. Aikin ke nan, kowa zai iya koyon danne-dannen a wuni ɗaya. Saboda guraben nan ake ce wa mutumin namu Sha-Shida, har da yawa sun manta sunansa na gaskiya.

Likita ne ya sauke shi. Ya duba kunnuwansa ya ce sun yi iyakar yinsu, in yana son ya ci gaba da jin muryar jikokinsa to ya rabu da lasifika. Muka ga bai kamata mutumin da kiɗansa ya shiga kowane gida ya tafi shiru haka ba, sai muka zagaya neman wanda zai ba mu labarinsa. Mawaƙa suka yi ta yabo, amma yabon duk iri ɗaya ne: mutumin kirki, gwani, ba ruwansa. Wanda ya riƙe komai daki-daki, har da wata da shekara, shi ne ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, mai kaɗa fiyano a wannan ɗakin, wanda kujerarsa take dab da tasa ta hannun dama. Shekararsa hamsin da ɗaya, gemu ya yi fari, amma har yau Auta ake ce masa. Gara a faɗa tun yanzu, ba don ƙauna ya riƙe ba. Auta yana kishin wansa, kishi na gaske mai hana cin abinci, kuma duk shekarun nan ido ya sa masa ko zai kama inda asirin yake.

Abin da yake so bai ɓoyu ba. Yana so ya zauna a kujerar nan ya haɗa kiɗa guda ɗaya tak da za a ji a ce ya kai na Yaya. Da maganar likita ta fito, mai sutudiyon ya kira shi baranda ya gaya masa gaskiya. Babbar mawaƙiyarsu, wadda kowa ke kira Anti, ta ce ran da Sha-Shida ya sauka ita ma ta sauka.

"Na roƙe ta ta gwada ka a sabuwar waƙarta," in ji shi. "In ta karɓi kiɗanka, injin naka ne. In ba ta karɓa ba zan kawo wani daga waje, kai kuma ka ci gaba da fiyanonka."

Auta ya ce ba komai, ya dawo ciki. Zama a gefen Yaya ma ya ishe shi azaba, balle a gefen baƙo.

Abin ban dariya shi ne Auta ne mai suna. Mawaƙa sukan ambace shi a tsakiyar waƙa, hotonsa ya sha fitowa a bangon faifai, a titi ana nuna shi da yatsa. Sha-Shida kuwa wasu maƙwabtansa har yau suna zaton gyaran rediyo yake yi. Amma a cikin ɗakin nan kowa ya san inda nauyi yake. Mawaƙi zai shigo ya gaida Auta da hannu biyu, ya yabi agogonsa, sannan ya waiga ya ce, "Ina Yaya? Shi nake jira." Har waɗanda ba su haɗa komai da shi ba sun ɗauki kiran Yaya sun riƙe, abin da ke ƙara wa Auta takaici. A gida ma ba a tsira ba. Mahaifiyarsu tsohuwa ce da rediyo ba ya barin gefen filonta, kuma daga bugun farko takan ɗaga yatsa ta ce, "Wannan hannun yayanka ne."

"Umma, fiyanon fa? Ai ni ne," in ji Auta wata rana.

"Na ji shi, Allah ya yi albarka. Ƙaro mini muryar in ji gangar."

A shekara ta uku Auta ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ja layi goma sha shida a kowane shafi. Duk ran da Yaya ya fita cin abincin rana, sai ya zame kan kujerarsa ya kwafe inda kowace fitila take. Da ya ga wannan bai isa ba, ya koma riƙe guraben ɗaya-ɗaya yana kwafe lambar ƙarfin kowane bugu da yawan jinkirinsa. Littafi bakwai ya cika. Matarsa ta taɓa tsintar ɗaya a aljihun riga za ta yi wanki, ta ce, "Baban yara, wannan wane irin rubutu ne duk ɗigo-ɗigo?" Ya fizge ya ce sirrin aiki ne, ba na mata ba.

Dama ta samu ran da Yaya ya kai Umma asibiti, wani mawaƙi kuma ya zo da gaggawa. Auta ya buɗe shafin da ya fi ji da shi, ya shigar da kiɗan gurbi-gurbi, bai saɓa ko lamba ɗaya ba. Mawaƙin ya shiga bayan gilashi, ya yi layi biyu, ya tsaya. "Malam Auta, kiɗan nan kamar korata yake yi." Aka sake, aka kuma sakewa, har sau biyar. Ana cikin haka Yaya ya dawo. Ko hula bai cire ba, ya ce wa mawaƙin ya yi baitin ba kiɗa, ya saurara a tsaye. Sai ya miƙo hannu ta saman kafaɗar Auta, ya kashe fitila biyu, ya kunna ɗaya, waƙa ta zauna daram. Danni uku ne, Auta ya ƙirga. Ya rubuta su a littafi ya yi ta kallonsu har mako ya zagayo bai ga komai ba, daga nan ya yanke cewa Yaya yana ɓoye masa wani abu ne da gangan.

Abin da ya faru a shekara ta tara kuwa, Auta da bakinsa ya ce a rubuta, in dai gaskiya za a rubuta. Wasu ma'aikatan lafiya sun ba da aikin waƙar wayar da kai, Yaya ya kwana huɗu yana sassaƙa kiɗanta. Da safiyar da za su zo karɓa, ya sauka sayo sukari, ya bar injin a kunne. Auta ya saurari kiɗan shi kaɗai a ɗakin, kyansa ya hura masa wutar kishi. Akwai maɓalli biyu da in aka riƙe su tare komai yakan goge. Ya riƙe su. Fitilu suka mutu, ya koma kujerarsa ya kama goge fiyano da hankici.

Baƙi suna matakala aka gano. Mai sutudiyon ya fara faɗa yana tambayar wanda ya taɓa injin. Yaya ya ajiye ƙullin sukari ya ce, "Ni ne, yatsana ne ya zame. A ba su kujeru." Ya ce a saki muryar mawaƙin ita kaɗai, ya zauna ya fara daga babbar ganga, gurbi na ɗaya. A gaban baƙin ya sake gina kiɗan daga kansa, bugu bayan bugu, bai cika rabin awa ba. Wata daga cikinsu har ta manta kanta ta tafa masa. Bai dubi inda Auta yake ba ko sau ɗaya, a ranar ko bayanta. Auta ya ce kunya ta kama shi, ba ya musu, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne na biyun ya fi na farkon kyau.

Kai ne, Sha-Shida, ka ɗauki laifin da ka san mai shi, ka rufa masa asiri a gaban baƙi, ka kuma ci gaba da raba masa shayinka kowace safiya. Kai ne malamar makaranta ta zo wa da 'yar waƙar wanke hannu, tana jin nauyin hawowa, ka ba ta wuni guda cur kamar yadda kake ba manyan mawaƙa. Ba a taɓa jin ka ce a sa sunanka a ko'ina ba. In aka yabi waƙa a gabanka sai ka ce mai murya ne ya yi ƙoƙari, ka juya ka ci gaba da murɗa abinka.

Shekara shida da suka wuce Anti ta yi ciwon ƙirji har aka yi mata aiki. Ta tashi, amma numfashinta ya gajarta. Wurare biyu ta je aka ce mata ta huta tukuna, ita kuwa ta san abin da ake nufi. Ranar da ta zo wurin Yaya sau uku ta tsaya a matakala. Ya zaunar da ita ya ce ta bi tsofaffin waƙoƙinta a hankali, ba kiɗa, in ta gaji ta bari. Mako uku ya yi yana sake musu kiɗa ɗaya bayan ɗaya. Da ta koma dandali ta yi awa guda a tsaye, jaridu suka yabi ƙarfin halinta da hannun mai fiyano. Ita dai cewa take yi, "Ban san abin da ya yi ba. Na dai san in kiɗansa ne ba na gajiya." Auta ya jera tsofaffin shafukansa da sababbi, ya ga an cire bugu a nan, an matsar da wani a can, ba tsari ba dalili. Ya ce a ransa tsufa ne ya fara kama Yaya, sa'a ce kawai take bin sa.

Wannan ita ce matar da za ta yanke wa Auta hukunci. Mako biyu ya yi yana shirya mata kiɗa, kuma a faɗi gaskiya ya yi kyau. Ya cika guraben nan goma sha shida tam, caki na gudu, tafi na amsawa, ganguna na bin juna. Ya zuba duk abin da ya kwasa a littafi bakwai. Ranar Talatar makonsa na ƙarshe a aiki, Yaya ya tashi daga kujerarsa da kansa, ya koma benci a bayan ɗaki ya zauna. Auta ya hau kujerar, ya ji ta yi masa ƙasa, amma bai yarda ya gyara ta a gaban mutane ba.

Anti ta shiga bayan gilashi ta sa abin ji a kunne. Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu murya ta yanke a tsakiyar layi. Aka sake, ta yanke a wuri ɗaya. A karo na uku tari ya sarƙe ta, ta nemi kujera ta zauna tana dafe da ƙirji. Da ta huta ta matso kusa da makirfo ta ce, "Auta, kiɗanka yana da kyau, ban raina ba. Amma ba nawa ba ne." Ta fara ninke takardar waƙar za ta sa a jaka. Mai sutudiyon ya ciro waya yana duba lambobi, Auta kuwa ya san lambar wa ake nema.

Ya ce a lokacin ya gwammace a ce masa ya ɗauki fiyanon a ka ya sauka da shi. Shekara ashirin da huɗu bai taɓa tambayar wansa komai a kan injin nan ba. Ya juya rabin juyi, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, me nake yi ba daidai ba?"

Yaya ya karkato kai ya sa hannu a bayan kunne. "Ka ce me?"

Ba da gangan ba ne, bai ji ba. Dole Auta ya maimaita da ƙarfi, a gaban mai sutudiyon, da makirfo a buɗe Anti tana ji. "Na ce ka nuna mini. Ban iya ba."

Yaya ya taso ya jawo benci kusa. "Rufe sautin, ka bar fitilun suna tafiya. Anti, yi haƙuri, ɗauko mana baitin nan ba kiɗa, yadda ya yi miki daɗi." Ta ajiye jakar ta miƙe. Auta ya sunkuya kan maɓallai, Yaya ya taɓa masa haɓa ya ɗago ta. "Bar kallon hannunka. Kalli kafaɗarta, ka bi hasken da gefen ido."

Ta fara. A tsakiyar layi kafaɗunta suka ɗaga kaɗan suka sauka. Kusa da ƙarshe suka sake ɗagawa.

"A ina haske yake da ta ɗaga?"

"Bakwai. Da sha biyar."

"Me ka sa a bakwai?"

"Tafi da caki."

"Kashe su."

"Ai wurin zai zama fanko, Yaya."

"Nan take jan iska. In ka buga a nan sai ta ji kamar ana kiranta, ta saki numfashin rabi ta biyo ka. Layi uku a haka ta gama ƙarewa. Ka bar mata wurin, bugun da ke biye kuma ka jinkirta shi kaɗan ya jira ta." Ya gyara zama. "Kowa da inda yake numfashi. Ita ma na yau ba irin na bara ba ne. Shi ya sa littattafan nan naka ba su yi maka amfani ba, kiɗan wani ka kwafa."

Auta ya waigo. "Ka san da su?"

"Ai nakan ƙara kofin shayi a ƙasa don ka samu ka gama."

"To me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

"Sau uku na fara. Duk ukun ka ce ka sani."

Auta ya tuna, kuma haka aka yi. Ya kashe fitila ta bakwai da ta sha biyar, ya riƙe ta takwas ya murɗa kaɗan. Ya ce Anti ta yi baiti na biyu. A nan kafaɗarta ta ɗaga a wani wuri daban, a gurbi na biyar, sai ya kwafi kiɗan zuwa sabon wuri ya gyara wannan shi kaɗai. Haka ya bi waƙar baiti-baiti, yana kallo yana cirewa, Yaya na zaune hannu a cinya bai sake taɓa injin ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya yi mako biyu yana tarawa ya zubar, kowane bugu yana cire shi yana jin zafinsa.

Da aka saki kiɗan Anti ta ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe ba ta tsaya ba. Ta cire abin kunne ta rataye, ta fito tana gyara mayafi. Ba ta yabi kowa ba, ba halinta ba ne. Ta dubi Auta ta ce, "Gobe ƙarfe goma, akwai ta biyu." Mai sutudiyon ya mayar da waya aljihu.

Da ɗakin ya rage su biyu, wani abu ya faɗo wa Auta. Ya matsa kusa da kunnen da ya fi dama ya ce, "In maganata ma ba ka ji, ta yaya ka yi aiki shekara biyun nan ba wanda ya gane?"

"Caki da tafi sun daɗe da ɓace mini," in ji Yaya. "Numfashi dai ido yana gani. Sauran kuma fuskarka nake kallo a jikin gilashi. In na ga ka saki jiki kana fira da mutane, na san da sauran aiki. In na ga ka haɗe rai ka yi tsit, sai in adana, na san ya yi. Kunnenka ya fi nawa tun muna yara, kai ne dai ba ka yarda da shi ba."

Auta ya ce, "Wato baƙin cikina ma sai da ka sa shi aiki."

"Ai bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Da aka gama haɗa waƙar, Auta ya ɗauki ƙaramar lasifika ran Asabar da la'asar ya nufi gidan Yaya. Bai ɓoye mana dalili ba. So yake ya ga fuskar Yaya ta canja ko sau ɗaya, ya ɗanɗana abin da shi ya daɗe yana sha. Ya tarar da shi a tsakar gida yana gyara ƙafar kujera. Ya kunna, ya ƙure murya. Yaya ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya yi murmushi irin na wanda ba ya son a gane bai ji ba. A nan Auta ya gane cewa kiɗan da ya jira rabin rayuwarsa ya zo, mutum ɗaya da yake so ya ji shi kuma ba ya ji. Sai Yaya ya ajiye guduma, ya ɗora tafin hannu a jikin lasifikar, ya rufe ido har waƙar ta ƙare.

"Ya yi," in ji shi. "Amma babbar gangar da ke gurbi na sha ɗaya ta yi nauyi. Rage mata kaɗan."

"Ba ka ma jin waƙar, Yaya."

"Haka ne."

Auta ya naɗe wayar lasifikarsa ya fita, ko ruwan da matar Yaya ta kawo bai sha ba.

Sha-Shida, mai hannun da ba ya gaggawa, mun gode. Mun taka rawa da kiɗanka, mun yi tuƙi da shi, mun yi wanki da shara da shi, ba mu san akwai ka ba. Kai ne ka zauna a ɗaki mara taga kana lura da kafaɗun mutane don kada su sarƙe, ka mayar wa mace sana'arta bayan an sallame ta, ka haƙura da ƙanenka har ranar da ya buɗe baki. Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka abin da ya rage na ji, ya sa muryar jikokinka ta daɗe tana isa gare ka. Masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku dubi mutumin da kuke yi wa aiki kafin ku dubi na'urar da ke gabanku. Wanda kuma yake zaune kusa da wanda ya fi shi, ya tambaya tun ana jin magana a hankali.

Da za mu tashi daga sutudiyon mun tambayi Auta ko yana da saƙon da za mu sa wa Yaya a nan. Ya ce ba shi da shi, duk abin da zai faɗa ya faɗa, kuma har yanzu haushin bai sake shi ba. Muka yi sallama. Mun kai tsakiyar matakala sai muka ji an buɗe ƙofa, ya leƙo da kai.

"Ku rubuta masa, tunda karatu ya fi masa sauƙi yanzu. Ku ce na duba gurbin nan na sha ɗaya." Ya murza gemu. "Na rage. Gaskiyarsa ce."